Arba'in ɗin Saratu a Ƙasar Ƙanƙara

Ni ce Ige ta bakin gulbi a Gummi. Ban taɓa riƙe alƙalami ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Ni ke faɗi, jikata Saratu ke rubutawa. Na ce ta gyara abin da za ta gyara don masu boko su gane, amma ta bar mini “munka” da “sunka” ɗina inda na ajiye su. Ungozoma ce ni tun ina da ƙarfin ɗaukar tulu biyu. Rabin magidantan unguwarmu ni na yanke musu cibi, shi ya sa ba mai ɗaga mini murya.

Wankan jego ne ya kai ni Yukiren. Saratu ta auri Bashiru, ɗan garin Anka, yana karatun likita a can, ta bi shi. Da ciki ya tsufa anka ce ba ta iya hawa jirgi ta zo gida. Mutane sunka ce ai can ma akwai asibiti. Na ce na ji, amma ni na san abin da na sani. Uwar Saratu, ɗiyata ta fari wadda ba na kama sunanta, a jego ta rasu. Aure ya kai ta wani ƙauye ta wajen Bukkuyum, ta haihu da damina, gulbi ya cika ya hana ni ƙetarewa kwana tara. Ko da na isa na tarar ana yi mata wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi kamar na alwala. Sanyi ya riga ya shige ta. Ta tafi ta bar mini jinjira 'yar sati uku. Ranar na ɗaukar wa kaina alkawari: duk inda yarinyar nan za ta haihu, hannuna ne zai yi mata wanka, safe da marece, har arba'in.

Garin da suke sunansa ya ƙi zama a bakina har yau. Bene hawa bakwai, a can ƙoli suke. Na zo da ƙullin kanwa, da yajin jego, da garin gero. Busasshen ganyen sabara da na ɗauro don fyaɗa ruwan zafi a jiki, tun a filin jirgi anka karɓe shi. Wani mai kaki ya sunsuna, ya dube ni, ya jefa a kwandon shara. Na ce Allah ya isa da Hausa, ya ce mini wani abu da alama godiya ce.

Bashiru yaro ne mai ladabi, sai dai boko ya ɗan hau masa kai. Ranar da ya ga ina dama kunu ya tsaya bakin ƙofa yana sosa ƙeya.

“Inna, kanwar nan fa tana kumbura zuciyar mai jego. A littafi yake.”

Na ce, “Littafin ya taɓa haihuwa?”

“Wallahi Inna mun karanta.”

“To rabin likita, in ka cika sai mu yi magana.”

Saratu na kan gado tana dariya har tana riƙe ciki. Daga baya munka shirya: kanwa kaɗan, kamar ƙwayar wake, ruwan zafi kuwa ba ruwansa da shi.

Ta sauka lafiya, ɗiya mace. Na samo zare mai kauri na ɗaura a bakin gyalena, kullum in an gama wankan marece in yi ƙulli ɗaya. Babu ganye, sai na riƙa tsoma ƙaramin tawul a ruwan da ke tiriri ina danna mata. Bai gamsar da ni ba, amma da shi na yi.

Ƙulli uku na yi. Rana ta huɗu da safe, ina tsaye kan butar lantarki, sai na ji ƙasa ta motsa. Tagogi sunka kaɗa, jiniya ta ɗauka. Bashiru ya fito da waya a hannu, fuskarsa ta yi fari.

“Inna, Rasha ta shigo. Yaƙi ne.”

Na ce, “To. Ruwan dai ya tafasa, sai a yi wankan tukuna.”

Kada wani ya ce ban ji tsoro ba. Na ji. Amma mu mutanen yammacin Zamfara ba a koya mana ƙarar bindiga. Na ga 'yan gudun hijira sun shigo Gummi da tabarmi a ka, na karɓi haihuwarsu a ajin makaranta. Bambancin kawai, namu na zuwa kan babur kana ganin ƙurarsu. Wannan kuwa daga sama yake zuwa, ba ka ganin mai jifa.

Zangonmu na farko ɗakin ƙarƙashin benen ne. Duk mutanen gidan a nan munka taru, da karnukansu da magensu. In jiniya ta yi shiru, ni da Saratu mu hau bakwai ɗin nan a ƙafa, in yi mata wanka da sauri, mu sauko. Ta taga nake ganin maza na cika buhuna da yashi suna jerawa a mararraba. Mai sayar mana da burodi, tsoho mai tumbi, sai ga shi da bindiga a kafaɗa. Matansu na zaune suna yayyaga tsofaffin zannuwa suna saƙa raga ta rufe motocin soja. Ban ji yarensu ba, amma na gane mutanen nan ba su da niyyar miƙa garinsu.

A ɗakin nan anka yi suna. Ba liman, ba rago, ba wanzami. Bashiru ya yi addu'a, ya raɗa wa jinjira sunan kakarta, ɗiyar tawa. Na raba dabinon da na zo da shi. Wata mata mai jan gashi ta karɓi ɗaya, ta dubi jinjira, ta fashe da kuka. Saratu ta ce mini mijin matar ne ya tafi bakin daga shekaranjiya.

Rana ta takwas bam ya faɗa wa benen da ke kallon namu. Na ga ɗakin wasu a buɗe kamar an yanka kabewa, labule na kaɗawa, gado a rataye. Daga nan wuta ta ɗauke, famfo ya ƙafe, ƙarfen da ke ɗumama ɗaki ya yi sanyi. Wankan marecen ranar da ragowar ruwan fulas na yi shi. Na yi ƙulli na takwas, na ce da Bashiru, “Inda ba wuta ba a jego. Mu tafi.”

Tashar jirgin ƙasa ban taɓa ganin taro irin nata ba, ko ranar kasuwar Gummi ta jajibirin salla. Masu kaki na ihu, mata da yara gaba. Wani ya sa hannu ya ture mu gefe, ya bar fararen mata na wucewa. Na buɗe bakin rigata na nuna masa kan jinjira, don a ƙirjina na ɗaure ta, fata da fata. Na dube shi ido cikin ido na ce, “Wagga ba ɗiya ba ce?” Bai ji Hausa ba, amma ya kauce. Bashiru kuwa sunka tare shi da sanda. Da munka shiga jirgi, ta taga ya miƙo mana jakar takardu.

“Inna, amana! Zan biyo na baya. Kada ki bar ta ta yi sanyi!”

Na ce, “Yau kuma kai ke gaya mini?”

Kwana biyu munka yi cikin taragon nan, mafi yawa a tsaye. Wani saurayi ya tashi ya ba Saratu gefen kujera. Ba ruwan sha isasshe, balle na wanka. Jirgi ya yi tafiya ya tsaya, ya yi tafiya ya tsaya. A wata tasha na ga jirgin da ya nufi inda munka baro, cike da samari, wasu ko gemu ba su tara ba. Mu muna gudu, su suna komawa. Na taɓa zaren gyalena. Tun takwas ban ƙara ƙulli ba.

Rana ta uku anka sauke mu duka a wani ƙaramin gari. Saratu ta tambaya da Turanci, anka ce gadar gaba sojojin ƙasar da kansu sunka karya ta, don kada tankokin abokan gaba su ƙetare. A bakin tashar wani mai farar bas ya ce zai kai mu iyakar ƙasa. Ya karɓi abin da ya karɓa, ya cika mota da mu baƙi zalla, mafi yawa ɗalibai. Tun nan ya kamata in gane.

A hanya munka tarar da shinge. Mutanen ƙauye ne da bindigogin farauta, da soja ɗaya. Sunka zazzage jakata, sai ga ƙullin kanwa. Sojan ya ja da baya, ya ɗaga bindiga, yana tambaya da ƙarfi. Saratu ta buɗe baki, amma haƙoranta na haɗuwa don sanyi. Na ɓalli kanwar na lasa a gabansa, na miƙa masa. Ya karɓa, ya ɗora a harshe. Yadda ya yamutsa fuska, har 'yan uwansa sunka bushe da dariya. Ya ƙulle mini abata da hannunsa ya mayar cikin jaka.

Ba mu yi nisa da shingen ba mai bas ya tsaya a wata mararraba, ya nuna gaba da yatsa, wai iyaka tana nan kusa, mota ba ta wucewa. Muna sauka ya juya. Ɗaliban da ke tare da mu sunka duba waya sunka ce ƙarya ne, iyaka tafiyar yini ce a mota. Allunan da ke nuna sunan gari kuwa duk an cire su, sai sanduna tsirara, don a ɓatar da sojojin baƙi. Mu anka ɓatar. Yaran sunka ce za su taka. Saratu ta yi taku kamar ashirin ta durƙushe cikin ƙanƙara.

Na taɓa goshinta, wuta. Na taɓa ƙafarta, kamar randar da ta kwana waje. Ta ɗago ta dube ni ta ce, “Inna, ga Mama can tana kirana.” Yarinyar da ba ta san fuskar uwarta ba.

Na ce, “Ƙarya take yi. Ba ta kiran kowa. Tashi!”

Irin wannan kallon na gani a ƙauyen Bukkuyum. Wancan karon gulbi ne ya tare ni. Wannan karon ina tsaye a kanta da ƙafafuna biyu, ba abin da zan ce ya hana ni. Biyu daga cikin ɗaliban sunka kama ta zuwa wata rumfar jiran mota. Na ce su zauna da ita. Na hangi rufin gidaje a gangare, na nufe su da jinjira a ƙirji.

Ban nemi gida mai kyau ba, hayaƙi na nema. Gidan farko ba kowa. Na biyu wani mutum ya leƙo ya daka mini tsawa ya rufe. Ban riƙe shi a zuciya ba, lokacin kowane baƙo abin tsoro ne. Na uku ƙarami ne, a ƙarshen layi, da itace jibge a gindin bango da hayaƙi na fita ta sama. Na buga. Wata tsohuwa ta buɗe, gajera, mai faɗi, da ɗankwali ɗaure a haɓa. Ta girme ni. Munka tsaya muna kallon juna.

Na buɗe riga na nuna mata jinjira. Na nuna hanya, na kama cikina, na yi rawar ɗari. Ta dubi cibin yarinyar, ta ɗaga yatsu tana tambaya. Na nuna mata goma da ɗaya. Ba ta ƙara komai ba. Ta jawo wani katako mai sulɓi da suke jan itace a kan ƙanƙara, ta miƙa mini igiya ɗaya ta riƙe ɗaya. Haka tsofaffi biyu munka jawo Saratu kamar buhun shinkafa. Ɗaliban sunka yi mana sallama sunka ci gaba.

Da munka shiga ɗakin sai na tsaya cak. Murhu ne na ƙasa, babba, an shafe shi da farar ƙasa, ya cinye kusan rabin ɗakin. Wuta na ci a cikinsa, a samansa kuwa shimfiɗa ce. Gadon mai jego! Irin wanda kakata ke ginawa da yumɓu a hura wuta a ƙarƙashi, wanda 'yan boko sunka ce ƙauyanci ne. Na ce, “La'ilaha illallahu, ashe kuna da shi.” Munka ɗora Saratu a kai, tsohuwar ta lulluɓe ta da bargon gashin tumaki.

Ta bugi ƙirjinta ta ce, “Baba.”

Na ce, “Ashe nan ma haka ake ce wa tsohuwa.” Na bugi nawa na ce, “Inna.”

Ta fita ta dawo da wata mata mai jakar magani. Matar ta duba Saratu, ta girgiza kai, ta yi mata allura, ta bar ƙwayoyi. Ba na hana allura haƙƙinta, ta yi aikinta. Amma saura nawa. Na ɗauki bokiti na nuna wa Baba, na nuna wuta, na yi kamar ina watsa ruwa a jiki. Na ɗauka za ta ce na haukace, mara lafiya da wanka cikin wannan sanyi. Sai ta kama hannuna ta ja ni bayan gida.

Wata 'yar bukka ce ta katako, da murhu da duwatsu a kai, da tukunyar ƙarfe. A jikin bango, jere, damman ganye ne busassu, an ɗaure su da kara kamar tsintsiya. Ta ciro ɗaya, ta tsoma a ruwa, ta fyaɗa a bayanta, ta dube ni.

Ni Ige ba na kuka a gaban mutane. Ranar na zauna a kan bencin nan na yi. Ganyen da anka jefa mini a shara, ga shi Allah ya ajiye mini a bangon wata Kirista a ƙarshen duniya. Ba sabara ba ne, ƙamshinsa daban, amma hannu ya san aikinsa.

Washegari da hantsi, da zazzaɓin ya sassauta, munka shigar da Saratu. Baba na hura wuta, ni ina fyaɗawa. Har gardama munka yi. Ita tana ƙara ruwan sanyi, ni ina ture mata hannu. Ta yi mini faɗa da yarenta, na rama da nawa, kowa ta gane abin da 'yar uwarta ke nufi. Can sai Saratu ta yi ƙara.

“Inna, za ki dafa ni!”

Na ce, “Alhamdu lillahi. Wanda zai mutu ba ya ƙorafi da ruwan zafi.” Da marece na yi ƙulli, na bar tazara a zaren, gurbin kwana ukun da sunka wuce ba wanka.

Kwana biyar munka yi a gidan Baba. Ran farko ta nuna tukunya ɗaya, ta yi gurnani irin na alade, ta kaɗa mini yatsa. Ta nuna ɗayar ta yi kukan kaza. Na yi dariya har na ƙware. In zan yi salla sai ta shimfiɗa mini sabon tawul ta fita. A bangonta akwai hoton wani mutum da kakin soja, yana da hancinta. Rediyo ba ya mutuwa a ɗakin. In anka ambaci wani gari sai ta ajiye abin da ke hannunta, ta tsaya har a wuce. Saratu da ta warware ta ɗan tsinci maganarta, ta ce ɗanta ne tilo, yana can wajen garin da munka baro. Duk lokacin da motocin soja sunka ratsa ƙauyen sun nufi gabas, Baba za ta fito bakin ƙofa da burodi a zane tana miƙa musu ta taga. Rana ta uku na fito na taya ta miƙawa. Samarin sojan sunka yi ta kallona.

Wayar Saratu ta sami caji, Bashiru ya kira, ya riga mu ƙetarewa yana ta nemanmu kamar mahaukaci. Baba ta yi magana da mai motar da ke kawo musu gari, ya yarda ya kai mu iyaka, bai karɓi komai ba. Na kama hannunta na nuna motar. Ta girgiza kai. Ta nuna murhu, ta nuna saniyarta, ta nuna hoton. Na gane. In ya dawo, wa zai tarar?

Ta ba ni damman ganye biyu. Ni ba ni da abin ba ta sai kanwa. Na tuna maƙwabtanmu Fulani da ke ba shanu kanwa, na kai wa saniyar, ta lashe tafina tas tana neman ƙari. Na damƙa wa Baba ƙullin duka. Da na ba Bashiru labari a ƙetaren iyaka, bayan ya gama kukansa, sai ya ce, “Inna, kanwa dai ta sami mai ita.” Na ce ya ci albarkacin ranar.

A wani masaukin 'yan gudun hijira munka ƙarasa, ina dafa ruwa a butar lantarki sau shida kafin bokiti ya cika. Ranar da arba'in ta cika Saratu ta ce ta huta. Na nuna mata tazarar da ke zaren.

“Saura uku.”

“Haba Inna, ai an yi arba'in!”

“Azumi in ya kuɓuce ba a ramawa?”

Ta yi ukun nan tana gunaguni. Ga ta nan zaune, ƙatuwa, tana rubutu tana harara ta.

Da munka dawo gida na sa Bashiru ya nemo mini ƙauyen a waya. Allon sunan an cire, sunan da Saratu ta ji kuwa ya ce ƙauyukan da ke amsa shi suna da yawa a ƙasar. Ban san ko ɗanta ya dawo ba. Ban san ko hayaƙin nan na tashi har yanzu ba. Dami ɗaya ya ƙare a wanka, ɗayan yana rataye a ɗakina, ba mai taɓa shi.

Yarinyar kuwa, tun da sunan ɗiyata ta ci, bakina ba ya iya kiransa, dole in yi mata laƙabi. Na sa mata Ta-Baba. Duk Gummi da Anka sun ɗauka ubanta ake nufi, shi ma in an kira sai ya washe baki. Na bar shi. Jiya ta shigo ɗakina ta nuna damin ganyen ta ce na wane ne. Na ce, “Na mai ke ne.”